Bitar na'urar SR830 wajen tsamo hasken leza daga cikin hayaniya

Duk wanda ya taɓa auna hasken leza mai rauni a ɗakin gwaji ya san cewa abin da ya fi wahalarwa shi ne hayaniyar da ke danne siginar, musamman fitilun ɗaki da ke ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa inda wutar lantarki take 50 Hz (wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa), da ɗumin kayan aiki da ke sa adadin da ake karantawa ya riƙa zamewa sannu a hankali. Wannan ce matsalar da na tunkara da SR830, na'urar auna sigina mai rauni da ake kira "lock-in amplifier", ƙirar kamfanin Stanford Research Systems da ke Sunnyvale a jihar Kalifoniya ta Amurka.

Na kafa faifan SR540 mai huji a gaban lezar, yana juyawa yana datse hasken sau 737 a daƙiƙa, adadin da na zaɓa da gangan domin ya kauce wa ninkin 50. SR830 tana riƙe wannan bugu a matsayin ma'auni, sannan a cikin siginar da idon karɓar haske (na'urar da ke mai da haske siginar lantarki) ke aiko mata, ta watsar da duk abin da bai zo daidai da shi ba. Da na kunna fitilun ɗakin gaba ɗaya, da ƙyar adadin da na'urar ke nunawa ya motsa. Da na tare hasken lezar da guntun kwali kuwa, sai ya sauka har kusan sifili.

Sai dai wannan tsafta da lokaci ake sayen ta. Ana iya saita tsawon tacewa daga 10 µs (kashi ɗaya cikin dubu ɗari na daƙiƙa) har zuwa daƙiƙa 30,000, amma kafin hayaniya ta ragu ninki goma, sai an tsawaita jira ninki ɗari. Ni kaina na taɓa saita daƙiƙa 3 ina gaggawar matsar da abin da nake aunawa, na tara alƙaluman da duk sun makara, kuma laifin nawa ne.

Iyakar saurin bugun da SR830 ke iya bi 102.4 kHz ce (sau 102,400 a daƙiƙa), kuma ta mahaɗan waya na GPIB ko RS-232 take haɗuwa da kwamfuta, don haka mai bukatar saurin da ya wuce nan gara ya duba ƙanwarta SR860 da ke kaiwa 500 kHz.

Abin da mai saye ya kamata ya sani shi ne, idan ƙarfin lezar kansa yana rawa kusa da saurin datsewar, na'urar za ta karɓi rawar tamkar sigina ce. Maganin da ya yi mini aiki shi ne raba hasken gida biyu zuwa idanun karɓar haske guda biyu, na shigar da siginoninsu ta ƙofofin A da B na na'urar, na bar na'urar ta debe ɗaya daga ɗaya.