Gargaɗi: dala 11,500 na biya, aka musanya min Submariner a ɗakin baya

Jama'a, duk mai harkar agogo da ke shiga Dubai ya karanta wannan. Akwai wani mutum da ke tallar Rolex a Instagram, yana karɓar mutane a wani ɗan ofis a saman bene a unguwar Deira. Dala 11,500 na ƙirga masa, lakadan, a kan agogon Rolex samfurin Submariner 116610LN, abin da ya biyo ni gida kuma jabu ne. Dala 11,500. An ba ni shawara kar in saki sunansa tukuna, amma hotunan hirarmu da rasit da bidiyon agogon duk suna wayata, kuma zan ɗora su.

Masu cewa "ai da ka duba" su dakata. Na duba. Agogon da ya ɗora min a tebur na gaske ne, wallahi na gaske ne, ko yau aka sake miƙo min shi zan saya. Lambar da ke jikin zoben ciki, saitin ƙarfe shida, haruffa da lambobi takwas a gauraye, ta yi daidai da ta katin garanti ɗaya bayan ɗaya. Katin na 2016 ne, da koren tambarin da Rolex ta fara ratayawa a 2015 lokacin da ta mayar da garanti shekara biyar. Na sa madubin ido na nemo ɗan kambin da aka zana da leza a ƙasan gilashi. Na juya zoben waje, ƙaf-ƙaf-ƙaf sau 120, gefe ɗaya kawai yake tafiya, babu lilo. Ƙullin gilashin da ke kan kwanan wata yana ƙara girman lamba ninki biyu da rabi, ta cika tagar fam. Har murfin baya aka buɗe a gabana, na ga injin 3135 da jajayen wilinsa biyu da shuɗin siririn sifirin. Me kuma ya rage mutum ya duba?

Sai ya ce, "Alhaji, sarƙar ta yi maka yawa, bari yaro ya cire gaɓa biyu." Shi ke nan. Nan ne. Kuma gaskiya ya faɗa, ta yi min yawa, maƙullin Glidelock milimita 20 kawai yake ja, biyu-biyu, na kai shi ƙarshe bai kama ba. Ya ce akwai gam a sukurorin, sai an ɗan ɗumama kafin su kwance, na'urar tana ciki. Wannan ma gaskiya ne, duk wanda ya taɓa kwance sarƙar Rolex ya sani, in ka matsa da sukuddireba ba zafi kan sukurun za ka cinye. Kowane shago haka ake yi. Agogon ya shiga ɗakin baya, aka kawo min shayi, ya dawo a goge yana ƙyalli, an naɗe gaɓoɓin biyu a leda. Shi da kansa ya ɗaura min a hannu yana cewa Allah ya sa a kashe lafiya.

Tun farko ma ba wannan ya so sayar min ba. A hirarmu ta waya 126610LN yake ta turo min, sabon zubin da ya fito a Satumbar 2020. Ni na ƙi, kuma ina da dalili. Ina da 16610 a akwati, tsohon zubin da aka yi daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 2010, mai zoben alminiyum da ke koɗewa da tsufa, mara nauyi, maƙullinsa na bugaggen ƙarfe mai ƙara kamar gwangwani. Wanda ya biyo bayansa shi ne 116610LN, 2010 zuwa 2020: faɗi milimita 40 yadda yake, inji 3135 yadda yake mai ci gaba da tafiya awa 48 in an ajiye shi, amma zoben ya koma na tangaran da ba ya koɗewa, kafaɗun da ke riƙe sarƙa suka yi kauri, hasken dare ya tashi daga kore ya koma shuɗi. Shi kuwa na 2020 milimita 41 ne, kafaɗun sun sake sirancewa, sarƙar ta ƙaru daga milimita 20 zuwa 21, injinsa 3235 yana kai awa 70, kuma za ka gane shi da ɗan kambin da ke tsakanin kalmomin Swiss da Made a ƙasan fuska. In agogon sawa kullum kake nema, na 2020 ya fi, ka ajiye shi yammacin Juma'a ka ɗauka safiyar Litinin yana tafiya. Amma mai tarawa lissafinsa daban ne. Na 2020 har yanzu ana ƙera shi, ba inda za shi. Na tsakiyan an rufe ƙofarsa, kuma wancan jiki mai ƙirar murabba'i bai sake dawowa ba. Wasu na ganin muninsa, ni ina ganin shi ne ya fi nuna zamaninsa. Zaɓina daidai ne, ko gobe haka zan zaɓa.

Duk wannan bayanin tare muka yi shi da mutumin, abin da ke ƙona min rai ke nan. Ya san lokacin da aka daina huda kafaɗun 16610, wajen 2003. Ya san fuskar da aka rubuta T<25 ta zamanin tiritiyum ce, sinadarin hasken dare da ke dushewa da tsufa, kuma in ka gan ta tana haske tar da dare to an taɓa ta. Shi ya ce min in guji tsohon da aka goge fiye da kima har gefunansa suka dulmuye. Ɗan damfarar da ya fi wasu dillalan gaskiya sanin kaya. Kuma farashin bai yi arahar da za ta sa ka tsargu ba, dala 12,000 ya fara, muka yi ciniki irin na mutane muka tsaya a dala 11,500. Da ya ce dubu bakwai da tun a waya na toshe shi.

Yanzu na gane me ya sa bai damu da wanne zan ɗauka cikin biyun ba, amma da na tambayi wani koren 16610 da ke hotunansa ya ce an riga an biya. Masu jabun nan ƙarfinsu na kan masu zoben tangaran. Sabo fil suke kwaikwayo, tsufan shekara ashirin da koɗewar alminiyum da ƙarcen da ido ya riga ya haddace ba sa musanyuwa cikin minti biyar. Yana da tagwayen kowane sabon zubi a ɗakin bayan nan, a shirye.

Yadda asiri ya tonu: lokaci ya fara gudu. Rolex tana ba da tabbacin daƙiƙa biyu sama ko ƙasa a rana, wannan kuwa yana ƙara abin da ido ke gani. Na ɗauka maganaɗisu ya kama, na kai wa mai gyarana. Kafin ma ya buɗe ya karanta lambar zoben ciki, ya karanta ta kati, ya ɗago ya kalle ni. Ba ɗaya ba ne. Katin na gaske, akwatin na gaske, gaɓoɓin cikin leda ma na gaske, don a gabansa muka gwada, sukurorinsu ba sa shiga sarƙar da ke hannuna daidai. Da ya buɗe baya, an shafa wa wilin jan fenti, an buga 3135 a jikin farantin, amma kan wilin da ke kai-komo akwai ɗan hannun saita gudu. Injin Rolex na gaske ba shi da wannan hannun, da ƙananan notoci a cikin wilin ake saita shi. Lambobin zoben waje ma fenti ne ruwan toka, ba falatinam ɗin da ake shafawa a cikin ramin ba. Robar murfin ko mai babu, agogon da aka rubuta wa mita 300, mai gyara ya ce kar in yi alwala da shi.

A'a, kafin wannan ma na kira mutumin da ya sayar min, tun ranar da gudun ya fara. Ya ɗauka, "Alhaji ranka ya daɗe, kawo shi mu duba, kayanmu ne." Bayan mai gyara ya buɗe ne layin ya mutu. Shafin ya canza suna, hotunan dai su ne, har da agogona, na gasken, lambar da ke kan katin da ke aljihuna, an sake sa shi a kasuwa. An rubuta babu takardu, akwai ragi. To ina takardun za su kasance? Suna wurina! Wanda na aika ofishin ya tarar da ƙofa a kulle, maƙwabta suka ce haya ce ta ɗan lokaci.

"Bari yaro ya cire gaɓa biyu." Dala 11,500.

In ka duba agogo, kar ya sake barin hannunka, ko gogewa ce. A cire gaɓa a gabanka ko ka tafi da ita haka. Ka sake karanta lambar bayan an ɗaura maka, kafin kuɗi su fita, ka ɗauki hotonta kusa da katin. Kar ka biya lakadan.

Wanda ya ga 116610LN na 2016 ana tallarsa babu kati a 'yan kwanakin nan, ya turo min hoton zoben ciki ta saƙo, in gwada da lambar da ke hannuna. Hotunan hirar da muryoyin da ya turo min suna nan tafe da daddare, sai na gama rufe lambobin wayar mutanen da ba ruwansu.