Sharhi kan hidimar duba littattafan kuɗin ikilisiya a Jos

A Jos ba a rasa akanta. Kwalejin ƙungiyar akantocin Najeriya ta ANAN tana Kwall a ƙaramar hukumar Bassa, hedikwatar ɗarikar ECWA da ta COCIN kuma duk a cikin gari suke, shi ya sa wasu ƙananan ofisoshin akantoci suka mayar da duba littattafan ikilisiya sana'a. Wannan sharhi a kan ɗaya daga cikinsu ne, ofis mai ɗaki biyu a saman bene a wajejen Terminus. Aikinsu ya cancanci kuɗinsa. Babbar ribar da ikilisiya ke samu ita ce raba hannun fasto da kuɗi, domin yawancin shugabannin da kuɗi ya ɓata wa suna ba da niyyar sata suka fara ba. Tsari ne ya bar su su kaɗai da jaka.

Mako biyu kafin su zo sukan aiko da jerin abin da za a tanada: littafin shiga da fitar kuɗi, kututturen rasit da na cek, bayanin asusun banki na wata 12, baucoci (takardun amincewa da fitar kuɗi), da littafin da magatakarda ke rubuta shawarwarin dattawa. Mutane kan yi mamakin na ƙarshen, alhali shi ne ginshiƙin binciken. Duk babban kuɗin da ya fita suna neman ranar da dattawa suka amince da shi. In bauca ta ce an sayi siminti buhu 50 amma littafin zama bai san da maganar ba, sai su ja layi da jan biro, ko da rasit na nan lafiya. Abin da suke so su gane shi ne ko mutum ɗaya ne ke yanke shawara, sauran su ji labari daga baya.

Inda suka fi burge mu shi ne ranar Lahadi. Mutum biyu sukan zo sujada, bayan an tashi su bi kwandon baiko har ɗakin ƙirga, su zauna a gefe ba su ce uffan ba. A nan ake ganin abin da takarda ba ta nunawa. Ana juye kuɗin a tebur, sai wani ya leƙo ya ce, "Baba Ma'aji, a ba da na man janareta." Wani kuma ya zo karɓar kuɗin motar baƙon mai wa'azi. A zare daga tarin tun ba a ƙirga ba, abin da ya rage shi za a rubuta a matsayin baikon ranar. Ba wanda ya ci ko kwabo, amma daga wannan lokacin babu mai iya faɗin nawa masu bi suka bayar, kuma ranar da zargi ya tashi ma'aji ba shi da abin kare kansa.

Gyaran da suke kawowa mai sauƙi ne. Mutum uku ke ƙirga, kada biyu su fito gida ɗaya, a riƙa canza su kowane wata. Ma'aji ba ya ƙirga, karɓa kawai yake yi ya sa hannu. Akwai fom mai layi-layi daga takardar naira 1,000 har zuwa ta naira 5, ana rubuta adadin kowace, baiko daban, zakka daban, na godiya da na gini daban. Ana sa kabon ya fito biyu, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin magatakarda. Ranar Litinin kuɗin ya tafi banki cif yadda aka ƙirga shi. Ƙananan buƙatu kuwa ana ware musu tsayayyen adadi, a ce naira 30,000, ba a ƙarawa sai an kawo rasit na abin da aka kashe.

Dattawa da yawa kan ji wannan kamar rashin yarda ne, har wasu su kawo 2 Sarakuna 12, inda ba a nemi lissafi daga masu kula da gyaran Haikali ba saboda amincinsu. Amsar tana cikin surar. Firist Yehoyada ya huda murfin akwati aka riƙa zuba kuɗi, in ya taru sai magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga. Mutum biyu ne, daga ɓangare biyu. Ezra ma a sura ta 8 ya auna azurfa da zinariya kafin a kama hanya, aka sake aunawa a Urushalima aka rubuta. Bulus a 2 Korantiyawa 8 bai yarda ya ɗauki gudummawar shi kaɗai ba, don kada wani ya sami abin zargi. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma kuɗin da ba mai ƙirga shi gwaji ne da bai kamata a ɗora wa bawan Allah ba.

A wajen banki sun san inda ramukan suke. Na farko shi ne cek da aka sa wa hannu babu adadi: "Baba, tunda za ka yi tafiya, sa mana hannu a guda uku." Da an yi haka dokar sa hannu biyu ta mutu. Na biyu ya fi sabunta, wato manhajar banki a wayar mutum ɗaya, wadda ke fitar da kuɗi ba tare da kowa ya sani ba. Suna ba da shawarar masu sa hannu uku, kowane biyu su isa, alat ya riƙa shiga waya biyu, taransifa kuma sai wani ya tura wani ya amince. Na uku shi ne mambobi masu tura zakka asusun fasto na kansa don girmamawa, ko na'urar POS da aka yi wa rajista da sunan wani dattijo. Fasto mai hankali zai mayar da irin wannan kuɗi asusun ikilisiya a ranar, ya sa a ba mai shi rasit. Sun kuma tsaya a kan cewa kada fasto ya amince da albashinsa ko alawus ɗinsa da kansa, kuma ya fita daga ɗaki in za a tattauna su. Muna goyon bayansu ɗari bisa ɗari.

Suna tambayar kuɗin Zumuntar Mata, na matasa da na mawaƙa, wanda sau da yawa yana asusun wata Mama mai amana, babu littafi. In ta kwanta rashin lafiya ko ta rasu, 'ya'yanta ba su san wanne ne nata wanne ne na zumunta ba.

Rajistar kadarori ma aiki ne mai kyau. Suna rubuta janareta, kayan kiɗa, kujeru, babur ko mota, da sunan da ke kan takardar fili. Fili da aka saya da sunan fasto "kafin a gama rajista" shi ne tushen shari'a tsakanin ikilisiya da magada. Haka mota: ranar da aka miƙa makulli a rubuta ko ta mutumin ce ko ta kujerar, in ba haka ba ranar canjin wurin aiki za a rabu baram-baram. Ikilisiyoyi masu zaman kansu kuma ana tuna musu da dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta wajabta wa amintattu masu rajista, wato waɗanda ke riƙe da dukiyar ikilisiya a idon doka, ajiye bayanan kuɗi da kai rahoto ga hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Masu ƙarƙashin babbar ɗarika rajistar uwa ce ta rufe su, amma akantocin kan duba ko kason da ake aikawa sama ya yi daidai da abin da ya shigo.

Akwai inda suka gaza, kuma ba ƙananan wurare ba ne. Rahoton da Turancin akantoci yake fitowa, alhali ikilisiyoyi da yawa da Hausa suke sujada da taro. Dattijon da bai gane rahoto ba ba zai yi tambaya ba, zai dai gyaɗa kai. A sa a cikin yarjejeniya cewa za su kawo taƙaitawa ta shafi biyu da Hausa, su karanta ta da bakinsu a gaban dattawa. Sa'an nan sukan miƙa rahoton ga wanda ya kira su, wanda galibi fasto ne ko ma'aji, wato waɗanda ake duba aikinsu. Majalisar dattawa ce ya kamata ta ɗauke su da wasiƙa, ita kuma za a miƙa wa. Mun lura kuma kunya na kama su a gaban babban Rabaran, sai magana mai nauyi ta koma "a ƙara kula". Ba kowace bauca suke dubawa ba, samfur suke ɗauka, don haka a nuna musu asusun gini a ce a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Bayan sun tafi ba sa waiwayowa, sai an nemi su dawo bayan wata 6 su ga ko an bi shawarar.

Kada kuma a ɗora musu abin da ba nasu ba. Shugaban da ke cika kwamiti da 'yan ƙabilarsa, ko mai ganawa da mace shi kaɗai a rufaffen ofis, ko wanda ya ƙi tarbiyyar magaji, akanta ba zai gyara shi ba. Wannan aikin dattawa ne masu iya duban Baba su faɗa masa gaskiya cikin ladabi.

Kuɗin aikin ya dogara da yawan asusu da shekarun da za a duba, a yanke shi a rubuce tun farko, har da na mota in wurin ya wuce Bukuru. A nemi shaidar cewa mai sa hannu a rahoton ɗan ƙungiyar akantoci ta ICAN ne ko ta ANAN, kuma kada ya zama ɗan ikilisiyar ko dangin shugaba. Ƙaramar ikilisiyar ƙauye ba sai ta ɗauki ofis ba, ta yi musayar mutum biyu masu ilimin lissafi da maƙwabciyarta, su yi amfani da fom ɗin ƙirga iri ɗaya. Masu son ofishin kuma su kama layi tun Nuwamba, domin daga Janairu aiki kan yi musu yawa su riƙa gaggawa, ga shi ana son rahoton ya iso kafin taron ikilisiya na shekara.