Sharhi Kan Shirin Koyo Ta Hanyar Yi Wa Al'umma Hidima

Na kammala zango guda a shirin koyo ta hanyar hidima da jami'armu take gudanarwa, kuma na ga ya dace in bayyana wa ɗaliban da ke tunanin yin rajista abin da za su tarar. Kwas ne mai lacca da maki kamar sauran, sai dai ofishin shirin yana tura ɗalibi wata cibiya da ke buƙatar taimako, ya yi aikin wasu sa'o'i kowane mako, sannan ya dawo aji a auna abin da ya gani da abin da aka karantar da shi. Wannan dawowa aji ita ce ta raba shirin da aikin sa kai. Tushen tunanin yana komawa ga John Dewey, masanin ilimi ɗan Amurka, wanda ya nuna a 1938 cewa ba duk abin da mutum ya fuskanta ne yake ilmantar da shi ba. Sunan tsarin na Turanci kuwa, wato service-learning, wasu Amurkawa biyu, Robert Sigmon da William Ramsey, ne suka raɗa shi a 1967.

Da yake fannin ilimi nake karantawa, ajin manya masu koyon karatu da rubutu aka tura ni. Na je da shirin darasi na makonni huɗu wanda ya fara daga baƙaƙe da wasula, na kuma yi zaton na shirya tsaf. A rana ta uku wata dattijuwa, wadda take matse fensir har bakinsa ya karye sau biyu, ta ciro kwalin magani daga jakarta ta ajiye a gabana, ta ce abin da ya kawo ta shi ne ta iya karanta sau nawa za ta ba jikanta a rana, don ta daina jiran wani ya dawo gida ya duba mata. Mun riga mun karanta a lacca cewa babba yana koyo ne idan ya ga inda darasin zai warware masa matsalar da ke gabansa, har na rubuta hakan a jarrabawa na ci maki, amma ban fahimce shi ba sai ran nan. Na ajiye shirina, muka fara da lambobi da kalmomin da ke jikin kwalin. Ranar da ta karanta layin da kanta, yatsanta a ƙarƙashin kowace kalma, babu wanda ya yi motsi a ajin har ta kai ƙarshe.

Abin da ya fi cancantar yabo a shirin shi ne zaman tattaunawa na mako-mako. Malamarmu ba ta karɓar rahoton da ya tsaya ga cewa an ji daɗin taimakon mutane. Tambayarta kullum ita ce me ka yi zato, me ka tarar, kuma wane ɓangare na darasi ne ya bayyana maka dalili. Na ga abokan karatu da ba su taɓa ɗaga hannu a lacca ba sun koma masu kare hujjarsu, domin yanzu magana suke yi kan abin da suka gani da idonsu.

Duk da haka, akwai gyara, kuma ba ƙarami ba ne. Jadawalin ya ci karo da lokacin jarrabawa, wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi damuna shi ne yadda aka tsara komai bisa kalandar jami'a, ba bisa buƙatar mutanen da aka je dominsu ba. Sigmon ya kafa ƙa'ida a 1979 cewa waɗanda ake yi wa hidima su ne ya kamata su riƙe ragamar irin hidimar da za a yi musu, amma mu babu wanda ya tambayi ɗaliban ajin abin da suke so kafin a turo mu. Da zango ya ƙare muka tafi, alhali dattijuwar ta fara haɗa jimla ke nan, kuma shugabar cibiyar ta gaya mini cewa duk sababbin ɗaliban jami'a da aka turo, daga farko suke soma koyar da ajin. Haka nan, kaso mai tsoka na makin ya dogara ne da takardar sa hannu da ke nuna sa'o'in da aka yi, don haka wanda ya zauna yana danna waya da wanda ya yi gumi ba su da bambanci a wannan ɓangaren.

Ina ba duk ɗalibin da ke da halin cika alƙawarin zuwa kowane mako shawarar ya ɗauki kwas ɗin, wanda kuma ya san ba zai iya ba gara ya haƙura, domin akwai masu zaman jiransa. Kafin ya fara, ya nemi ofishin ya ba shi bayanan waɗanda suka riga shi aiki a cibiyar. Ni ban samu ba, shi ya sa na bar wa shugabar cibiyar littafina, da inda kowane ɗalibi ya tsaya a karatu.