Ciwon baya: allurar Sin ko ƙwayar diclofenac?

Diclofenac tana nan a kowane kemis, da araha, kuma tana kwantar da zafi da wuri. Matsalarta ta fi fitowa idan an daɗe ana sha: tana iya jawo gyambon ciki, ta kuma taɓa ƙoda.

Allurar Sin kuwa, wato akufanca, babu ruwan magani a cikinta. Allurai ne sirara kamar gashi, a tsira su a jiki kusan minti 20, kuma sai an yi ta komawa. Sauƙin da take kawowa matsakaici ne, kuɗinta ya fi yawa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin hanyoyin kula da daɗaɗɗen ciwon baya.

Mai olsa, ni dai allurar zan ba shi shawara, muddin a gabansa aka ɓare sababbi.