Con A ko WGA? Ga furotin ɗin yis, ka ɗauki Con A

Ɗan'uwa, tunda ka ce a cikin yis ka samar da furotin ɗinka, kuma so kake ka kamo shi ta sukarin da ke jikinsa, ka sayi Con A (wato konkanabalin A) wanda aka riga aka ɗaure a kan ƙwayoyin agaros, waɗanda ake cika bututun tace furotin da su. WGA, na tsiron ƙwayar alkama, ka bar shi sai wani aikin. Dukansu lektin ne, wato furotin mai gane sukari ya riƙe shi ba tare da ya sauya shi ba, amma kowanne da irin sukarin da hannunsa ya saba da shi, kuma yis sukarin da ake kira manos yake jibga wa furotin ɗinsa, wanda shi ne Con A ya fi riƙewa.

Nawa bututun na Con A ya kai shekara biyar a firij ɗin ɗakin gwaji, har yanzu yana aiki. Ranar da na fara amfani da shi ba zan manta ba. Na yi makonni ina fama da wani ruwa mai duhu-duhu da na tace daga yis, duk hanyar da na bi sai furotin ɗin ya fito da tarkace. Na zuba shi a kan bututun a hankali, na wanke har layin da ke kan allon na'ura ya kwanta, sannan na saki ruwan da ke ɗauke da metil-manosid, wani sukari da ke sa Con A ya saki abin da ya riƙe. Da farko shiru. Can sai layin ya fara tashi, ya yi tsini, ya sauko. Washegari na ɗaga jel ɗin da ake raba furotin a kansa bisa nauyi a gaban fitila, sai ga layi ɗaya mai kauri a daidai nauyin da nake nema. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Tun daga ranar na koma karanta yadda aka gina shi Con A ɗin, don na ga bai kamata in riƙa amfani da abin da ban san cikinsa ba.

Daga wani wake ake samunsa, Canavalia ensiformis. James Sumner ne ya ware shi a 1919, sannan a 1936 shi da Howell suka nuna cewa shi ne yake dunƙule jajayen ƙwayoyin jini, kuma sukari ne abin da yake kamawa. A 1972 aka fitar da surarsa ta hanyar hasken eksire. Kowane ɓangare nasa amino asid 237 ne, a naɗe kamar shimfiɗu da aka jera ɗaya kan ɗaya. Idan ruwan yana kusa da pH 7, ɓangarori huɗu ne suke haɗuwa su zama abu guda. Idan tsami ya yi yawa, pH ya sauka ƙasa da 6, sai su rabu biyu-biyu.

Wurin da sukari yake zama ɗan rami ne marar zurfi a saman kowane ɓangare, kuma a nan duk dabarar take. Kusa da ramin akwai ƙarafa biyu, manganis da kalsiyam. Su kansu ba sa taɓa sukarin. Aikinsu shi ne su riƙe jikin furotin ɗin a wata irin lanƙwasa da ba a cika gani ba, tsakanin amino asid na 207 da na 208, wadda take juyo da na 208 ɗin, wato Asp208, ya fuskanci ramin. Da shi, da wasu amino asid huɗu (Asn14, Arg228, Leu99 da Tyr100) ake ƙulla ɗaurin haidurojin da rukunan OH uku na sukarin: na kan kabon na 3, na 4 da na 6. Manos da gulukos duka suna da waɗannan ukun a tsaye iri ɗaya, shi ya sa duka suke shiga, kodayake manos ya fi zama daram. Galaktos kuwa, bambancinsa da gulukos bai wuce OH ɗaya ba, na kan kabon na 4, wanda ya miƙe sama maimakon ya kwanta gefe. Wannan kaɗai ya isa ramin ya ƙi shi. Har gobe abin yana ba ni mamaki, a ce juyawar rukuni ɗaya tak ita ce ta raba wanda za a riƙe da wanda zai wuce.

Na ga amfanin ƙarafan nan da idona. Wata rana wani ɗalibi ya wanke mini bututun da ruwan da ke da EDTA a ciki, bai sani ba. EDTA kuwa aikinsa ke nan, ya tsince ƙarafa. Da na zuba samfur, komai ya zarce ta ƙasa kamar ba a sa komai a bututun ba. Na jiƙa shi da ruwa mai manganis da kalsiyam, milimola ɗaya kowanne, na bar shi ya kwana, ya dawo yana kamu. Don haka ka sa ƙarafan nan a duk ruwan da zai bi ta kansa, kuma ka guji ruwan fosfet, domin yana haɗuwa da kalsiyam ya zama gari.

Ka kuma sani cewa riƙon rami ɗaya da sukari ɗaya ba shi da wani ƙarfi. Ƙarfin yana zuwa ne daga yawa: ramuka huɗu a jikin lektin, rassan manos da dama a jikin furotin ɗinka, ga ƙwayoyin agaros cike da lektin. Kuma idan ramin ya samu manos ukun nan da ke gindin reshen sukari, riƙon yana ninkawa sosai fiye da na manos guda. Wannan alheri ne, amma yana da wahalarsa. Furotin ɗin yis da manos ya yi masa yawa yakan ƙi sakin bututun. Idan haka ta faru, ka ɗaga metil-manosid zuwa rabin mola, ka tsayar da gudun ruwan na wasu sa'o'i kafin ka ci gaba. Sannan ka tabbata ka cire gulukos ɗin da ya rage a ruwan renon yis tukuna, in ba haka ba shi zai cika ramukan kafin furotin ɗinka ya iso.

WGA, wanda ake cirowa daga tsiron ƙwayar alkama, na taɓa saye sau ɗaya, na yi da-na-sani. Ba ya buƙatar ƙarfe, yana da juriya saboda ɗaurin salfa 16 da ke kowane ɓangarensa, wannan na ba shi. Amma wasu irin sukari daban, GlcNAc da sayalik asid, yake nema. Yis ba ya sa sayalik asid, GlcNAc biyun da ke gindin reshe kuma manos ya lulluɓe su. Abin da na kamo da shi bai taka kara ya karya ba. Ga mai aiki da furotin ɗin ƙwayoyin dabbobi yana da rana, kai dai ba naka ba ne.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Akwai waɗanda suke sake liƙa takarda a kan tsohon kaya, ko su rubuta cewa kowace mililita tana ɗauke da lektin mai yawa alhali kaɗan ne aka ɗaura, ko su turo abin da ya kwana cikin zafi a hanya har ya lalace. Ido ba ya ganewa, domin farin ruwan iri ɗaya ne. Ka nemi takardar gwajin wannan rukunin da za a turo maka, mai lambar da ta yi daidai da ta jikin kwalbar. Wanda ya fara kame-kame, ka rabu da shi. Idan kayan ya iso, kada ka fara da samfurinka mai daraja. Ka haɗa RNase A da RNase B ka zuba. Furotin ɗaya ne, sai dai B yana ɗauke da reshen manos a Asn34, A kuwa ba shi da ko ɗaya. Con A na gaskiya zai bar A ya wuce, ya riƙe B har sai ka kawo metil-manosid. Idan duka biyun suka zarce alhali ka sa ƙarafa, ka mayar musu da kayansu.

Idan ka ga wani siririn layi a jel wajen kilodalton 26, kada ka ɗauka furotin ɗinka ne ya karye. Sau da yawa ɓangaren Con A ne ya ɓalle daga bututun, musamman idan sabo ne. Ka wanke shi sosai da ruwa mai gishiri rabin mola kafin zubin farko, zai ragu.