Mitar DT830 da tsohon babur ɗin da wutarsa ta ɗauke ɗif

Ka murɗa makulli, koren fitilar firi bai kama ba, hon shiru, sigina shiru. A nan ne masu tsofaffin Jincheng da CG125 suke fara asarar kuɗi: a sayi batir, a sayi CDI (akwatin da ke sarrafa tartsatsin fulogi), a canja kwayil, alhali abin da ya lalace bai wuce fiyus ko waya ɗaya ba. Ƙaramar mitar awon wutar lantarkin nan DT830, wadda ake samu a shagunan kayan wuta na Kasuwar Sheikh Gumi a Kaduna da wajen masu gyaran rediyo, kuɗinta bai kai na sabon batir ba, kuma ta isa ta raba gardama. Amma tana da halinta, wanda bai san shi ba za ta ɓatar da shi.

Wajen awon batir ba ta da laifi. A juya ta zuwa 20 a ɓangaren DCV, wato na awon ƙarfin wutar batir da volt, jan tsinken mitar a kan jan kan batir, baƙi a kan ɗayan. Batir mai lafiya yana nuna 12.6 zuwa 12.8. Idan ya nuna 12.2 ya yi rabi, ƙasa da 12 kuwa yana neman caji. In an danna sitata lambar ta faɗo ƙasa da 9.6, batir ya gaji ko da ya nuna 12.5 a zaune. Zafin Maris da Afrilu a Kaduna yana shanye ruwan batir, don haka a duba ruwan kafin a yanke masa hukunci.

Daga batir sai a bi wuta gaɓa-gaɓa. Baƙin tsinke ya zauna a baƙin kan batir, ja ya yi ta tafiya: gaban fiyus, bayan fiyus, jar wayar da ta shiga makulli, sannan wadda ta fito bayan an kunna. A Honda da baburan Caina da suka kwaikwayi tsarinta, ja ita ce mai ɗauko wuta daga batir, baƙa ce mai fitowa daga makulli, koriya kuma atin, wato wayar da ke mayar da wuta zuwa baƙin kan batir ta jikin bodi. Bajaj launukansa daban ne. Inda lamba ta ɓace, nan ciwon yake. Galibi wurare huɗu ne: bakin fiyus ɗin gilashi da ya yi tsatsa, cikin makullin da ruwan damina ya shiga, wayoyin wuyan babur da juya kai ya karya su ta ciki alhali robar tana nan lafiya, da kuma ƙusar atin a jikin bodi.

Babban aibinta shi ne kusan ba ta jan wuta. Wayar da sili ɗaya ya rage mata, ko kan batir da farin gari ya cinye, za su nuna 12 cif, mutum ya ce lafiya lau ya wuce. Saboda haka kada a auna sai makulli na kunne, wani kuma ya danne hon ko ya taka birki. Lambar da ta rushe daga 12 zuwa 3 ko 4 ita ce gaskiya. Haka atin: tsinke ɗaya a baƙin kan batir, ɗaya a jikin inji, a danna sitata. Ya kamata a ga ƙasa da 0.5, fiye da haka a kwance ƙusar, a goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fari. Masu wayarin na gaske shi ya sa ba sa rabuwa da ƙwan sigina mai waya biyu, domin ƙwai yana jan wuta, ba ya kamawa a kan rubabbiyar waya.

Idan fiyus na ƙonewa da zarar an sa sabo, ƙwan ya fi mitar amfani nesa ba kusa ba. A sa ƙwan 21W a gurbin fiyus, zai haska sosai muddin shot ɗin, wato wayar wuta da ke taɓa bodi ko atin, na nan. A riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya har hasken ya dushe. A mayar da fiyus mai lambar da aka tarar, yawanci 10A ko 15A. Naɗa waya ko takardar azurfa a gurbinsa shi ke narkar da wayarin gaba ɗaya.

Tsofaffin babura da yawa CDI ɗinsu daga kwayil ɗin cikin inji yake shan wuta, shi ya sa suke tashi da kik ko batir ya mutu. In ya tashi, a auna caji: da an murɗa totur ya kamata a ga 13.5 zuwa 14.5. Bai motsa daga 12 ba, a duba ratifaya, mai daidaita wutar caji, da kwayil ɗin cikin inji. Ya haura 15, ratifaya ce ke dafa batir tana ƙona ƙwayaye. A nan mitar takan yi rawa saboda tartsatsin fulogi, sai a nisanta ta da wayarsa.

Ƙirarta ta araha ce, ba a ɓoye ba. Wayoyin tsinkayen sirara ne, sukan tsinke daga gindi, kuma mita mai tsinkakken tsinke za ta ce maka babu wuta a ko'ina. A fara haɗa bakinsu biyu a kan 200Ω, a ga lamba ƙasa da 1. Ba ta kashe kanta, in aka manta ta a kunne batirinta na 9V ya tafi, kuma idan ya yi sanyi takan ƙara lamba, batir matacce ya fito kamar mai rai. Ramin tsinke na jikin mitar mai rubutun 10A ba shi da fiyus. Wanda ya bar jan tsinke a ciki ya ɗora a kan batir, tartsatsi zai gani. DT830B ba ta da ƙarar gwajin waya, DT830D tana da ita, kuma ga mai laluben karyayyar waya a cikin kwanon fitila wannan ƙarar ta cancanci ɗan ƙarin kuɗin. Kafin a biya, a sa mai shago ya gwada ta a kan batir a gaban ido, a haɗa da tsinkaye masu kauri da fiyus biyu na ajiya.