Kafin Ka Sayi Tsohon Hoton Fadar Gwamna ko na Dabbar da Ta Ƙare

Mai neman tsohon hoton fadar gwamnan mulkin mallaka, ko na naman dajin da ya yi wuyar gani, zai tarar da iri uku a hannun dillalai: hoton farin ƙwai, hoton azurfa mai baƙi da fari, da katin gidan waya. A wurina na farkon ne ya cancanci a zuba masa kuɗi.

Wani Bafaranshe mai suna Blanquart-Evrard ne ya fito da dabarar farin ƙwai a 1850, kuma ita ta riƙe sana'ar har cikin shekarun 1890. Ana shafa wa siririyar takarda farin ƙwai da gishiri, a jiƙa ta da ruwan azurfa, a ɗora mata gilashin da aka ɗauki hoton a kansa, sannan a shanya a rana. Tunda ba a faɗaɗa komai ba, duk abin da gilashin ya kama yana fitowa tiryan-tiryan, har mutum ya iya ƙirga ginshiƙan Gidan Gwamnan Kalkata ta Indiya, wanda aka gama a 1803, a hotunan da Samuel Bourne ya ɗauka a shekarun 1860. Launinsa ruwan ƙasa ne mai ɗan shunayya, galibi a manne yake a kan kwali domin takardar na naɗewa, kuma a ƙarƙashin gilashin ƙara girma ana ganin 'yan tsage-tsage a fuskarsa.

Hoton azurfa yana da ƙarko, kuma shi za a nema idan ginin na ƙarni na 20 ne. Katin gidan waya kuwa, har da na Fortier, mai ɗaukar hoto na Dakar, dubbai aka buga, sai dai a saya don sha'awa.

Inda na fi so a natsu shi ne batun jabu, domin ni ma an taɓa cuta ta. Wani dillali ya sayar mini da hoton fadar gwamna janar ta Dakar a matsayin na farin ƙwai, ban tuna ba sai da na koma gida cewa a 1907 aka kammala ginin, lokacin da dabarar ta riga ta ja baya. Da na ɗora gilashin ƙara girma sai ga ɗigo-ɗigon tawadar injin buga takarda, gefensa kuma an rina shi da ruwan shayi don ya yi kama da tsoho. Tun daga ranar nake fara tambayar shekarar gini kafin farashi, kuma ina haska bayan hoto da fitilar UV, wato mai hasken ultraviolet, saboda takardun da aka yi daga shekarun 1950 galibi suna ɗauke da sinadarin ƙara fari da ke walƙiya da shuɗi.

A ɓangaren dabbobi ƙaryar ta fi yawa. Kwaga, wani jakin dawa na Afirka ta Kudu da ya ƙare a 1883, mace ɗaya tak aka ɗauki hotonta da rai, a gidan namun daji na Landan, don haka duk wanda ya nuna maka garkensu a daji yaudararka yake yi. Haka damisar Tasmaniya, wadda ta ƙarshe da aka sani ta mutu a Hobart a 1936, ana ta sake wanke sanannun hotunanta ana sayarwa da sunan na asali. Ka nemi a nuna maka bayan hoton, hatimin mai ɗauka da tarihin hannayen da ya bi, kuma kada ka biya sai an rubuta maka cewa za a karɓi kaya idan bincike ya nuna jabu ne.